Buhu Biyu a Ɗakin Ajiya

A gidanmu da ke cikin birnin Zariya, idan mutum ya wuce zauren farko ya shiga shigifa, zai ga wata ƙofar katako a hannun hagu. Bayanta ɗaki ne marar taga, sai 'yar kafa guda can kusa da azara inda haske ke leƙowa. Shi muke kira ɗakin ajiya. Kakana ya gina shi, mahaifina ya gaje shi, ni kuma aka miƙa mini mabuɗinsa ranar addu'ar bakwai ta mahaifina, a gaban dattawan unguwa. Ko allurarmu ba ta taɓa kwana a cikinsa ba, domin na jama'a ne. Mai niyyar aikin hajji ya kawo akwatinsa, marayu su kawo takardun gona kafin a zauna rabon gado, matafiyi ya kawo abin da ba ya son hanya ta gani. Akwai wanda ya bar tukunya a zamanin kakana, jikansa ya zo ya karɓe ta a hannuna da yumɓun bakinta yadda aka liƙe shi.

Ƙa'idar ɗakin ba ta da yawa. Ba a tambayar mai kaya abin da ya kawo, ba a buɗewa bayan ya tafi, kuma ba a rubutawa. Lokacin ina sabon malamin makaranta, ina ji da alƙalamina, na taɓa ce wa mahaifina me zai hana mu sayi littafi mu riƙa sa sunaye. Ya dube ni ya ce, ranar da ka rubuta, to ka tuhumi ɗayanku, ko kai ko mai kaya. Ban sake tayar da maganar ba. A kan haka na girma, a kan haka na yi aikin koyarwa har na aje, kuma ba zan ɓoye ba, na fi alfahari da wannan mabuɗi a kan kowace takardar shaida da na taɓa samu.

Ina da amini guda, wanda a nan zan kira shi Alhaji kawai, kamar yadda nake kiransa tun da ya dawo daga Makka. Tabarma ɗaya muka zauna a makarantar allo, rana ɗaya aka yi mana kaciya, ni ne babban abokinsa ranar aurensa. Da aka haifa masa ɗan fari, ni ya ba jaririn na yi masa huɗuba a kunne. Alhaji fataucin hatsi yake yi. Ɗan nasa kuwa, wanda yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana da shagon sayar da magani a wajen ganuwa.

Wata ranar Laraba, a ƙarshen damina, bayan la'asar, ina zaune a zaure ina duba wani littafin fiƙihu, sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ya sauko, direban ya shigo da buhu biyu ya jingina su da bango ya koma. Buhunan masara ne, an ɗinke bakinsu da zare mai kauri. Amma direban da hannu ɗaya ya ɗauko kowanne, kuma kusurwoyin kwali sun turo jikin buhun ta ciki. Na ga wannan duka. Na gani, na kawar da kaina, domin haka aka koya mini.

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi ƙafata da ke ciwo. Sannan ya gyara zama, ya share gumi da bakin rawaninsa, ya ce, "Malam, wannan kaya dai da ka gani..."

Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Alhaji, yau kuma? Gemunmu ya yi fari tare, sai yau za ka fara yi mini bayanin ajiya? Riƙe maganarka."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ai shi ke nan, Malam. Halin gidan nan ba ya canzawa." Na ɗauko mabuɗi daga aljihuna, muka ja buhunan tare, mu biyu tsofaffi muna nishi, muka sa su a kusurwa kusa da wani akwatin ƙarfe na wata tsohuwa da ya daɗe a wurin. Na kulle. Ya sha ruwa ya tafi.

Mako uku bayan haka, da hantsi, na ji sallama irin wadda ba ta unguwa ba. Na fito na tarar da mai unguwa tsaye yana kallon ƙasa, bayansa mutum biyar cikin kayan sarki, jami'an hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Shugabansu mutum ne mai ladabi, ba zan zalunce shi ba. Ya cire hularsa, ya nuna mini takardar izinin bincike, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, aiki ne ya kawo mu."

Na ce su shiga duk inda suke so. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, abin da na ji shi ne fushi, irin na wanda aka taka masa sallaya da takalmi. Ba su nufi cikin gida ba, kai tsaye suka tsaya a ƙofar ɗakin ajiya, abin da ya kamata ya faɗakar da ni tun a lokacin.

Shugaban ya ce, "Baba, wa ke riƙe da mabuɗin nan?"

Na ce, "Ni."

"Ban da kai fa? Ko 'ya'ya, ko Hajiya?"

Na bugi ƙirji na ce, "Yaro, tun ranar addu'ar bakwai ta mahaifina babu hannun da ya taɓa wannan mabuɗi sai nawa. Babu abin da ke shiga ɗakin nan ko ya fita sai da izinina." Wani daga cikinsu yana rubutawa. Na lura da shi, har na ɗan sassauta murya don ya samu ya rubuta daidai.

Suka fito da buhunan tsakar shigifa. Shugaban ya sa wuƙa ya yanke ɗinkin da hannunsa. Kwalaye suka zubo, cike da ƙwayoyin nan da matasa ke haɗiya su fita hayyacinsu, da kwalaben maganin tari da aka hana sayarwa barkatai. Mai unguwa ya yi salati a hankali. Ni kuwa na tsaya ina kallon zaren da aka yanke a ƙasa.

"Baba, kayan waye?"

Na ce, "Ajiya ce."

"Ta wa?"

Na ce, "Ba a faɗin sunan mai ajiya a gidan nan."

Suka bar ni na sa babbar riga na naɗa rawani. Ba su sa mini ankwa ba. Amma sun bi da ni ta gaban masallacin unguwa, ta gaban majalisar masu ɗinkin hula, har muka fita ta Ƙofar Doka, kuma duk wanda na koyar da shi karatu a wannan hanya ya ga fuskata a bayan motar. A zuciyata ina cewa kafin azahar Alhaji zai ji, kafin la'asar zai zo ya ce kayansa ne, ko ya faɗi wanda ya ba shi. Na ƙi faɗin sunansa ne don in bar masa darajar zuwa da ƙafarsa. Na kwana huɗu a hannunsu. Duk motsin ƙofa sai in gyara rawani.

Wadda ta zo ita ce lauya. 'Yar wani tsohon abokin aikina ce, Kirista daga Wusasa, wanda muka yi shekaru muna koyarwa a makaranta ɗaya. Na san ta tun tana rarrafe, ta yi karatun shari'a a reshen jami'a da ke Kongo, nan Zariya, ga shi yau ta zauna gabana da tabarau tana karanta bayanin da na sa wa hannu. Tana karantawa tana girgiza kai.

Ta ce, "Baba, da ka bar lauyan gwamnati ya ci guminsa. Ka yi masa rabin aikinsa kyauta."

Na ce, "'Yata, gaskiya na faɗa. Kayan ba nawa ba ne. Ban saya ba, ba a ba ni ba, ban gada ba. Ta yaya za a tuhume ni da mallakar abin da ban mallaka ba?"

Ta aje takardar, ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ni ma nakan yi wa ɗalibi mai taurin kai. Ta ce a dokar laifuffuka, idan ana maganar a sami mutum da ƙwaya, ba a tambayar wa ya saya. Abin da ake dubawa shi ne a ƙarƙashin ikon wa take. Ba dole sai tana aljihunka ba. Idan tana ɗakin da kai ke buɗewa kai ke rufewa, kai ke da ikon cewa a fitar ko a bari, to a idon doka tana hannunka, ko da mai ita yana wata ƙasa. Ta sa yatsa a kan layin da na ce babu mai taɓa mabuɗi sai ni, ta ce, "Wannan ƙofa, Baba, kai ka rufe mana ita da bakinka."

Na ce mata a fiƙihun da na karanta, wanda aka ba ajiya amintacce ne. Idan bai yi sakaci ba, ba a ɗora masa komai, kuma maganarsa abin karɓa ce.

Ta ce, "Wannan tsakaninka da mai kaya ne. Yanzu tsakaninka da gwamnati ne. Amma saura ƙofa ɗaya. Iko kaɗai bai isa a ɗaure mutum ba, sai an haɗa da sani. Dole su nuna ka san abin da ke cikin buhun. Idan wani ya jefa maka abu a jaka ba ka sani ba, ba ka yi laifi ba."

Na ce, "To ai magana ta ƙare. Ban sani ba."

Ta cire tabarau. Ta ce, "Ba ta ƙare ba. Alƙali ba ya shiga zuciya, daga alamu yake gane sani. Kuma doka ba ta yarda mutum ya ga alamar ɓarna ya rufe ido da gangan, don gobe ya ce bai gani ba. Wanda ya yi zato, ya ƙi tambaya don kada a faɗa masa, ana iya ɗaukarsa kamar wanda ya sani. Kai kuwa ga shi ka rubuta cewa mai kayan ya fara yi maka bayani, ka ɗaga hannu ka hana shi. Baba, ka san yadda wannan zai sauka a kunnen alƙali?"

Abin da kakana da mahaifina suka ɗauka shi ne ƙololuwar mutunci, shi ne yau ake karanta mini a matsayin dabarar mai laifi. Baki shi ke yanka wuya, in ji mutanen da.

Ta samo mini beli. Washegari da safe, bayan masu jaje sun ragu, sai ga Alhaji. Bai shigo da sallamarsa mai ƙarfi ba. Ya zauna nesa, a bakin tabarma, wurin da baƙi ke zama. A wurinsa na ji sauran labarin. An kama ɗansa da 'yan ƙwayoyi kaɗan a shago, aka matsa masa ya faɗi inda yake samowa, sai ya ce wurina yake saye, ni ne mai rumbun.

Na ce, "Alhaji, yaron da na yi wa huɗuba?"

Ya ce, "Ruɗewa ya yi, Malam. Ka san yaran yanzu."

"To kai da ba ka ruɗe ba, tashi mu je ka faɗa musu kai ka kawo."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Malam, ka dube ni da idon rahama. In na ce ni na kawo, za su ce daga ina, in ce daga wurinsa. Buhu biyu ne fa. Zai tsufa a kurkuku, 'ya'yansa huɗu. Kai kuwa dattijo ne, kowa ya san ka. Babu alƙalin da zai dubi furfurarka ya ɗaure ka."

Na tambaye shi abu ɗaya, na ce ya amsa mini don zumuncin tabarmar da muka zauna. Ranar da ya kawo, ya san abin da ke ciki?

Ya ce, "An ce wa yaron za a zo bincike. Ya rasa inda zai kai. Ni kuma na duba duk birnin nan, ban ga gidan da ba za a taɓa zato ba sai naka."

Da ya ce mini shi ma yaudararsa aka yi, da na sami abin riƙewa. Amma ya zauna, ya auna gidajen birni ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi nawa saboda sunan da kakannina suka tara, ya yi murfi da shi. Ya kuma san ba zan tambaya ba, ya san ba zan rubuta ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Na ce, "Ranar nan da ka buɗe baki na hana ka, me za ka ce?"

Ya ce, "Wallahi, Malam, ni ma ban sani ba."

Na ce ya tashi ya tafi. A ranar na karya ƙa'idar gidanmu karo na farko, na faɗa wa lauya sunansa. Aka kira shi ofis. Ya ce rabonsa da kawo ajiya gidana tun kafin ya je hajji. Babu takarda, babu shaida, mai adaidaita kuwa ɗaya ne cikin dubu, ban ko dubi fuskarsa ba. Aka sallame shi.

Shari'ar a Kaduna aka yi ta, muka yi ta zirga-zirga kusan shekara. Ba zan gajiyar da mai karatu da ɗage-ɗagen zama ba. Rana ɗaya ce ta zauna mini. Lauyan gwamnati, matashi mai kaifin harshe, ya tsaya gabana ya ce, "Malam, ka ce kai malami ne. Buhun masara ka gani?"

Na ce, "Buhun masara ne."

"Da nauyin masara?"

Na dubi lauyata, ta sunkuyar da kai. Na riga na yi rantsuwa. Na ce, "A'a. Ba shi da nauyin masara."

"Ka lura da haka, kuma ba ka tambaya ba. Aka so a faɗa maka, ka hana. Me kake gudun ji?"

Na ce, "Ba gudun ji nake ba. Gudun in kunyata aminina nake. A gidanmu, wanda ka tambaya me ya kawo, ka ce masa ba ka yarda da shi ba."

Ya juya ga alƙali yana murmushi, ya ce ashe duk mai son ɓoye haram a Zariya ya san adireshin da zai nufa. Aka yi 'yar dariya a bayan kotu. Na shekara saba'in da wani abu a duniya, ba a taɓa yi mini dariya irin wannan ba.

Abu biyu suka cece ni. Na farko, shugaban jami'an nan ya tsaya ya faɗi gaskiya, cewa buhunan a ɗinke ya same su, shi ya yanke zaren da wuƙarsa. Lauyata ta tambayi ɗan Alhaji, wanda aka kawo ya ba da shaida a kaina, ta yaya yake sayen ƙwaya daga buhun da ba a taɓa kwancewa ba. Na biyu, tsohuwar nan mai akwatin ƙarfe. Lauyata ta sa aka ɗauko ta daga ƙauye, aka kawo akwatin. Kwaɗon ya yi tsatsa har sai da aka sa guduma. Kafin a fasa, tsohuwar ta lissafa abin da ta sa a ciki tun tana da ƙarfinta, zannuwa na saƙi, da tasoshi, da warwaron azurfa na mahaifiyarta. Aka tambaye ni, na ce ban san ko ɗaya ba. Aka buɗe, aka same su yadda ta faɗa. Ta dubi alƙali ta ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ko gawa ka kai masa a ƙunshe ba zai leƙa ba." Dattawan unguwa uku suka biyo bayanta da irin wannan magana.

Alƙali ya ce iko a kan kayan ya tabbata, babu ja. Amma sani bai tabbata ba, domin an nuna rashin tambayata ba don wannan buhu na ƙirƙire shi ba, hali ne da na daɗe a kansa ga kowa. Ya sallame ni. Sannan ya ƙara da nasiha, cewa a wannan zamani bai kamata mai hankali ya riƙe mabuɗin ɗakin da bai san abin da ke cikinsa ba. Jama'a suka yi ta yi mini barka. Ni kuwa abin da na ji shi ne, an wanke ni ne a bisa hujjar cewa ni tsoho ne da bai san abin da ke cikin gidansa ba.

Alhaji yana nan. Masallaci ɗaya muke salla. Yakan tsaya a ƙarshen sahu ta dama, ni ina bayan liman. Idan aka sallame yakan riga kowa fita. Mutanen unguwa sun san abin da ya faru, amma har yau akwai masu cewa ai ba a rasa ba, hayaƙi ba ya tashi banza. Wani uba ya janye 'ya'yansa daga karatun da nake bayarwa a zaure, bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Lauyata ta sayo mini littafi mai bango baƙi, ta ce in dai ba zan rufe ɗakin ba, to duk abin da aka kawo a buɗe a gabana da shaidu biyu, a rubuta, mai kaya ya sa hannu. Na karɓa na aje a kan taga. Watanni suka wuce ba wanda ya kawo komai.

Sai ranar wata Juma'a da safe, wata mata da ta gama takaba ba da daɗewa ba ta yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ɗalibina ne. Ta durƙusa daga bakin zaure, ta turo wani ƙunshi a cikin ɗankwali, ta ce za ta tafi wurin 'yarta a kudu, ba ta san ranar dawowa ba.

Na dubi ƙunshin. Bai fi tafin hannu biyu ba. Na san ta tun tana amarya, ban taɓa jin an ambace ta da wani abu ba sai alheri. Na miƙa hannu zan ɗauka, sai hannun ya tsaya. Na ji bakina yana cewa, "Hajiya, a kwance mu gani."

Ta ɗago kai ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Malam, ni ce fa."

Na ce, "Na sani. A kwance dai."

Ba ta kwance ba. Ta jawo ƙunshinta a hankali, ta mayar cikin mayafi. Ta ce, "Da mahaifiyata ta kawo wa marigayi mahaifinka ajiya, bai ce ta kwance ba. Allah ya huci zuciyarka, Malam. A gafarce ni." Ta tashi ta fita.

Na zauna har aka yi kiran farko, littafin yana kan taga ba a rubuta komai a cikinsa ba. Da na tashi shirin masallaci, na cire mabuɗin daga aljihun rigar da ya saba zama, na rataye shi a ƙusa a bango. Ɗana babba ya gan shi a wurin da ya zo gaisuwa, ya tambaye ni ko in ya karɓa ya riƙe. Na ce masa ya bar shi inda yake.